Kifaffen "e" na Ba Umara

Wani ne a unguwar Moduganari, yana da ɗan shagon buga takardu. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ta layin nake bi in zan je aiki.

Shekara bakwai yana fama da wata tsohuwar kwamfutar tebur, irin mai ƙeyar nan. Tare da shagon ya gaje ta daga wanda ya riga shi zama. In ka kunna ta da safe, sai ka je ka sha kunu ka dawo kafin ta gama miƙa. In aka ɗauke wuta kuwa, shi ke nan, sai an tayar da janareto, unguwa duk ta san ana buga wasiƙa. Amma fa aiki tana yi. Wannan kam ba mai musu.

Wata rana gogan naku ya shiga kasuwa sayen takarda, ya dawo da tabulet, kwamfutar hannun nan mai kama da faranti. Mai shagon da ya sayar masa ya cika masa kunne. Wai manhajar yanzu ta ci gaba, duk abin da ta tebur take yi wannan ma tana yi, har da ƙari. Ya sauko daga keke mai ƙafa uku yana rungume da ita kamar wanda aka miƙa wa jariri ranar suna.

Salomi mai kunu ce ta fara ganinsa. A bakin shagonsa take ajiye bokitinta.

"Maƙwabci, me ka sayo kake ta washe baki?"

"Tabulet!"

"Ayya, sannu. Na zazzaɓi ko na ciwon kai?"

Bai ko kula ta ba. Ya shiga shago, ya tumɓuke wayoyin tsohuwar kwamfutar, ya kinkimo ta da ƙeyarta da kibod ɗinta, ya dire a ƙofar Pindar. Pindar ɗan Biu ne, mai gyaran waya da kwamfuta, bango ɗaya ya raba shagunansu.

"Pindar, ga tsohuwa nan na bar maka. Ka ga dama ka zauna a kai, ka ga dama ka ɗora tukunya."

Pindar ya dube shi, ya dubi farantin da ke hammatarsa.

"Abokina, ajiye ta dai a lungu. Wannan ta hannun ta kallo ce da ɗan rubutu. Ranar da aiki mai ƙashi ya zo, za ka neme ta."

"Kai ka tsaya a jiya. Manhaja ta wuce inda kake. Duk wata sai ta sabunta kanta, tana ƙara ilimi. Taka fa? Tun da na san ta ba ta ƙaru da komai ba sai tari."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Da ya yi shiru a nan, da an zauna lafiya. Ina! Sai da ya juya wajen 'yan majalisa, masu zama ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta bakin layi, ya ɗaga murya.

"Ku zama shaida! Duk ranar da kuka ga yatsana a kan kibod ɗin can, ku kama ni ku aske min gemu a nan wurin. Ba sabulu!"

Suka ce sun ji, sun kuma shaida. Wani ma ya ce rezar tana aljihunsa.

In faɗi gaskiya, makon farko tabulet ta fitar da shi kunya. Kwana uku ba wuta, rana kamar za ta dafa mutum. Pindar na zaune yana fifita da kwali, shi kuwa gogan ya fito inuwa ya harɗe ƙafa yana buga wa mutane takardar neman aiki da yatsa ɗaya. Duk wanda ya wuce sai ya kira shi ya nuna masa. In ya juya ta a kwance, rubutu ya kwanta. In ya tayar da ita, rubutu ya tashi. Yana yi yana leƙen Pindar.

"Ka gani? Biyayya! Taka ta taɓa juyowa ta dube ka?"

To, akwai wata magana. Gogan na neman wata yarinya a unguwar Fezzan, Ammatullahi. Shekara ɗaya da rabi yana zirga-zirga, takalmi biyu ya kashe a hanyar. Yarinya tana so, uwa tana so. Uban ne bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ba Umara ke nan. Shekara talatin da biyar yana koyar da Kanuri a makaranta kafin ya yi ritaya. Har yau jan biro ba ya barin aljihunsa. Mutumin da zai tsayar da keke a tsakiyar titi don ya gyara wa mai shago rubutun allonsa, ku yi tunanin yadda zai auna suruki.

Ranar wata Laraba da hantsi, sai ga keke ta tsaya a ƙofar shago. Sanda ta fara fitowa, sannan babbar riga, sannan Ba Umara.

Gogan ya zube har ƙasa yana gaisuwa da Kanuri.

"Wushe, Baba, wushe, wushe! Da ka aiko ai da na zo."

"Tashi. An ce kai ne ka sayi kwamfutar zamani."

"Ni ne, Baba. Ba abin da ba ta iyawa."

"Madalla."

Tsoho ya zaro takarda daga aljihu, rubutun hannu, tsaf kamar an auna da zare. Katin gayyata ne. Tsofaffin malaman Kanuri za su yi taro a gidansa ranar Asabar, yana son kati ɗari biyu. Ya ɗora yatsa a kan kalmar farko.

"Karanta."

"Kelewa."

"Kəlewa," in ji tsoho, yana jan kalmar a hankali. "Lafiya ke nan. Dubi harafin da kyau. Ba e ba ne irin na kowa. Kifaffe ne, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Ga ɗaya a nan. Ga biyu a ƙasa, wajen godiya: askərngəna. Uku ke nan. Waɗanda za su karɓi katin nan, rayuwarsu duka sun ƙarar da ita suna dukan yara a kan harafin nan. In ya fito a miƙe, ni za su yi wa dariya har kabari."

"Baba, harafi uku? Ko ɗari uku ne."

Ba Umara ya dube shi ta saman tabarau.

"Ammatullahi ta ce kana da hankali. Ni ban gani ba tukuna, ban kuma ga akasinsa ba. In kati ya fito daidai, ka turo manyanka ranar Lahadi."

Ya hau keke ya tafi. Gogan ya tsaya a titi yana ɗaga hannu har ƙurar ta kwanta. Shekara ɗaya da rabi, ga shi abin da ya rage tsakaninsa da aure harafi uku ne kacal. Wallahi ni kaina na ji masa daɗi a ranar.

Ya zauna, ya buga komai cikin minti goma. Saura kifaffun. Ya duba kibod ɗin da ke jikin gilashi. Ga e nan, a miƙe, tana kallonsa. Ya shiga wajen lambobi, babu. Ya shiga wajen alamomi, babu. Ya shiga wajen 'yan fuskokin nan masu dariya da kuka, ya ga raƙumi, ya ga kankana, har da wata mata mai rawa. Kifaffen e dai babu.

A tsohuwar kwamfutar, mai shagon farko ya riga ya saita wani maɓalli a gefe. Danna ɗaya, harafin ya faɗo. Gogan ya sani sarai. Ya leƙa ƙofar Pindar, ya hango ƙeyarta a lungu. Ya shafa gemunsa, ya dawo ya zauna.

Can sai ya yi dariya shi kaɗai.

"Kai, ni ma da wauta. Abin da ake so a kife, ai kifa shi ake yi."

Ya juya tabulet, kai ƙasa. Kafin ya kai yatsa, rubutu ya yi wani lilo, ya juyo ya daidaita. E a miƙe.

Ya mayar da ita. Rubutu ya biyo shi.

Ya sake kifawa. Ya sake biyowa.

"Ke! Yanzu ba biyayya nake so ba. Tsaya inda kike!"

Ya gwada da sauri, fat, kamar mai juya waina. Ta riga shi. Ya gwada a hankali, kaɗan kaɗan, yana kallon rufi yana fito, wai kada ta gane. Ya kusa kaiwa, har ya fara murmushi, sai ta juyo. Ya ce lallai ganinsa take yi. Ya nemo ɗan ƙaramin idon kyamarar nan, ya toshe shi da babban yatsa, ya kifa. Ta juyo. Ya lulluɓe ta da hularsa, ya kifa su tare, ya ɗaga hular a hankali. E tana nan a miƙe, ko gezau.

Salomi tana kallo daga bakin ƙofa, ludayi a hannu.

"Maƙwabci, in tuƙin keke kake koyo, ai sitiyarin ya yi faɗi."

"Salomi, ki ji da kununki."

Hayaniyar ce ta fito da Pindar. Ya ji bayani, ya danne dariyarsa iyakar ƙoƙarinsa.

"Abokina, juyawar nan ana kulle ta, amma ko ka kulle ba..."

"Ana kullewa? To me ya sa ba ka faɗa tun ɗazu ba!"

"Tsaya in ƙarasa mana."

"Na gane, na gane. Je ka, kada a ce kai ka yi min."

"Ga tsohuwarka can, akwai wuta yanzu. Minti ɗaya ne. Zan tsaya a ƙofa in tare maka 'yan majalisa."

Gogan ya leƙa waje. Mai rezar nan yana zaune yana fiƙe farce da ita, ya ɗago ya yi masa murmushi.

"Ba na so," in ji gogan.

Pindar na fita, ya kifa tabulet a cikin durowar tebur, ya tura, ya danna mata kwaɗo. Ya ce ta zauna a kulle ta yi tunani. Ya je ya yi azahar, ya ci abinci, ya dawo ya buɗe. Yana ɗago ta, ta haska, ta juyo, e a miƙe, kamar ma ta ƙara ƙiba.

Alhamis da safe ya kasa daurewa, ya kira Ammatullahi. Bai ce ya kasa ba. Wai wani abokinsa ne ke tambaya.

"Abokinka?" in ji ta. "To ka ce wa abokin naka, a wayata dai, danna e ake yi a riƙe. Ka danna, ka riƙe, kada ka saki. Zai fito da kansa."

"Har tsawon yaushe?"

"Har ya fito mana. Kuma ka ce wa abokin naka Baba ya sa an wanke tabarmin baƙi saboda Lahadi. Kada ya ba ni kunya."

Ya ajiye waya. Ya danna e sau ɗaya, ya ɗauke yatsa. Sannan ya rungume tabulet a ƙirji da hannu biyu, ya riƙe ta gam.

Minti goma. Minti ashirin. Wata mata ta zo da takardar makarantar ɗanta.

"Malam, za ka buga min wannan?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, ina riƙe da abu."

"Ajiye mana."

"An ce kada in saki."

Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta shiga wajen Pindar. Yana ji ta bango, tsohuwar kwamfutarsa tana tari tana buga mata takarda. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Sai da hannayensa suka sage sannan ya duba. E ɗaya ce, a miƙe, ga shatin zufarsa a gilashi.

Nan fa jikinsa ya mutu. Ya jingina tabulet da bango a ƙasa, ya kwanta rigingine a kan benci. Bencin gajere ne, kansa ya zarce ya rataya a baki. Yana kwance yana tunanin tabarmin da aka wanke, da kawunsa da ya riga ya gaya wa ya goge babbar riga. Idonsa ya faɗa kan gilashin.

Ya ƙifta ido. Ya sake ƙiftawa.

Ga shi nan. Kai a ƙasa, ƙafa a sama. Kifaffen e, sak irin na takardar Ba Umara.

"Allahu akbar!"

Ya zabura ya miƙe, ya duba. A miƙe. Ya koma ya rataya kai. A kife. Ya tashi, a miƙe. Ya kwanta, a kife. Sau biyar yana gwadawa, sannan ya tafa hannu.

"Ashe haka ne! Ba ita ce za ta juya ba. Mai rubutun ne zai juya. Kai, Turawan nan da wayo suke, shi ne ba su rubuta a kwali ba!"

Sauran haruffan ma duk a kife suke a idonsa, amma ina ya ga ta su? Wanda yake nema kawai yake gani.

Ya ce aikin suruki ba a yi masa rabi da rabi, rataya kai daga benci ba zai wadatar ba. Ya tura ƙofa, ya ninka darduma ya ajiye a gindin bango. Ya cusa riga cikin wando. Ya kafa kai, ya wurga ƙafafu sama. Karo na farko ya tafi da kalanda. Karo na biyu ya tafi da agogon bango. Pindar ya buga daga can.

"Lafiya?"

"Aiki nake!"

Karo na uku ya tsaya. Jini ya taru masa a fuska, idanu kamar za su zubo. Hannu ɗaya na tokare da ƙasa, ɗayan ya miƙa ya danna e a cikin kalmar farko. Ya fito a kife. Ya gangara wajen godiya, ya danna, ya danna. Uku cif, kowanne kai a ƙasa.

Bai yarda ya sauko ba. Ya ce abin nan ba ta da amana, yana miƙewa za ta canza ra'ayi. Daga nan inda yake ya tura wa Habib, mai injin buga kati a Mafoni. Ya haɗa masa da saƙon murya, muryar na fita ta hanci: kati ɗari biyu, takarda mai kyau, kada ya taɓa ko ɗigo, kuma ya kai Fezzan kai tsaye gidan Ba Umara. Ya kashe gilashin, sannan ya zubo ƙasa kamar buhun gawayi.

Ya fito yana tangaɗi, fuska jawur, ya tsaya gaban majalisa.

"Mai reza, mayar da ita kube. Pindar, ka ce me? Aiki mai ƙashi? An gama!"

Pindar ya saki baki.

"Ka samo harafin? A ina?"

"Sirrin sana'a ne. Kai dai ka ci gaba da zama da tsohuwa."

Ranar har kunu ya saya wa kowa.

Juma'a da hantsi keke ta tsaya. Sanda ta fito, babbar riga ta fito. Bayan Ba Umara kuma ga wasu tsofaffi biyu, abokan koyarwarsa, kowa da tabarau, kowa da fuska a murtuke. Tsoho na riƙe da damin kati.

Gogan ya taho da gudu zai zube.

"Wushe, Ba..."

"Riƙe gaisuwarka. Karɓi."

Ya miƙa masa kati ɗaya. An zagaye wuri uku da jan biro, har takardar ta huje.

"Kelewa? Askerngena? Wane yare ne wannan? Na riga na raba arba'in jiya da yamma ban sa tabarau ba, don na yarda da kai. Tun asuba wayata ke ƙara. Wani ɗalibina, ɗalibina fa, ya kira yana tambaya ko in zo ya yi min bita!"

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya girgiza kai. Ɗayan ya ce, "Shekara talatin da biyar."

Kafin ka ce me, 'yan majalisa sun taso. Salomi ta bar bokiti. Pindar ya fito da abin kwance waya a hannu.

Gogan ya dubi kati. E uku, duk a miƙe. Ya juya katin baya, ya dawo da shi, ya kai shi kusa da ido. Sai kuma fuskarsa ta washe.

"Au! Baba, ɗan dakata. Ba abin tashin hankali ba ne."

Ya jingina katin da bangon shago, a ƙasa. Ya cire hula ya miƙa wa Salomi. Ya cusa riga cikin wando. A gaban surukin da yake nema, da malamai biyu, da rabin Moduganari, ya kafa kai a ƙasa ya wurga ƙafafu sama. Takalmi ɗaya ya tashi ya faɗa bokitin kunu. Makullai da goro suka zubo daga aljihu.

Ya ƙura wa katin ido.

"Alhamdu lillahi! Ga su nan, Baba! Ɗaya, biyu, uku. Ko ɗaya bai ɓata ba!"

Ba Umara ya dogara sanda, ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya dubi katin. Ya dubi tafin ƙafar da ke daidai hancinsa. Ya ɗago a hankali ya juya wajen abokansa.

"Ni dai e nake gani, a miƙe. Jama'a, ku gaya min, wannan ne zan ɗauki 'yata in ba shi?"

Daga can ƙasa, murya ta fito ta hanci.

"Baba, ai a tsaye kake, shi ya sa. Pindar, karɓi sandar, ka kama masa ƙafafu."